Jinjina Ga Alhaji Mai Biza

Ƙasar Ɗanbatta ba ta rasa abin alfahari ba. Garin Dambazawa ne, gidan sarautar Sarkin Ban Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Nan ne mahaifar marigayi Magaji Ɗanbatta, ɗan jaridar da ke cikin samarin da suka kafa NEPU a 1950. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo, ga madatsar ruwa ta Tomas, ga kasuwar Lahadi da ake kawo wa dabbobi har daga Nijar. Duk waɗannan an yabe su daidai gwargwado. Amma akwai gwarzo guda da har yau ba a sa wa titi sunansa ba, ba a rataya masa lambar girma ba, alhali sawunsa ya bi ƙauyukanmu da na Makoɗa da Kunci da Kazaure da Ɓaɓura. Shi ne ejan, Alhaji mai biza, mai fitar da 'ya'yan talakawa waje neman arziki. Ba zan kama suna ba, domin ba mutum ɗaya ba ne. Wani lokacin ma Hajiya ce mai haƙorin Makka da ƙamshin turare. Ofishinsa yana bene a cikin Kano, yaransa suna kowace unguwa. Yau dai ranarsa ce, kuma zan ba shi haƙƙinsa cikakke.

Ranka ya daɗe, falalarka ta farko ita ce ido. Ka ga abin da masu mulki suka kasa gani. Ƙasar nan ta kewayen Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta, sai taki da gumi. Gonar da kaka ya ciyar da gida guda da ita 'ya'ya sun raba, jikoki sun sake rabawa, har ta kai rabon wani bai wuce 'yan kunyoyi ba. Damina wata huɗu ce, ciki kuwa wata goma sha biyu yake nema. Gyaɗar da ta yi dala a Kano ta durƙushe tun farin 1973 da cutar da ta afka mata a 1975. Samari suka koma acaɓa, aka hana ta a birnin Kano a 2013. Suka gangara Legas, a watan Yunin 2022 aka hana ta a manyan sassan birnin, aka riƙa niƙe baburan da aka kama. A Mayun 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin mota da na taki da na kwanon masara suka tashi tare. Ga zawarawa a ɗakunan iyayensu, kowacce da 'ya'ya uku ko huɗu, tsohon miji ya yi ko oho. Wa ya zo ya tambayi halin da suke ciki? Kai ne ka zo, Alhaji. Kai kaɗai ka gane cewa yunwar mutane ma haja ce, in an iya kasa ta.

Falala ta biyu ita ce wa'azi. Babu malamin da ya kai ka kwaɗaitar da mutane aiki tuƙuru. Kana cewa talauci lalaci ne, duk wanda ya fita ya dage sai ya dawo da gida da mota. Kana yawan ambaton Alhassan Ɗantata, wanda ya tafi ƙasar Gana yana saurayi ya dawo ya zama attajirin da ba a taɓa gani ba a wannan yanki, har ya rasu a 1955. Gaskiya ka faɗa, ya yi wahala. Sai dai saboda gudun tsawaita zance kakan tsallake 'yan ƙananan bayanai. Ɗantata ɗan gidan fatauci ne na Agalawa, ya taso ya tarar da hanya da mutane da lamuni. Goron da yake lodawa a jirgin ruwa zuwa Legas nasa ne, ribarsa a aljihunsa take kwana. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya riga ya tara jarin da zai shiga da shi. Babu wanda ya kulle takardunsa a akwati, babu wanda ya hana shi fita ƙofar gida, in ciniki bai yi masa ba yana iya juya baya ya tafi. Ka kyauta da kake ɓoye waɗannan, domin in bazawarar Fagwalawa ta ji su, tana iya tambayar wanne daga ciki za ta samu a gidan da za ka kai ta.

Falala ta uku, ka zamanantar da sana'ar kakanni. A zamanin ayari, madugu yana tafiya tare da mutanensa ne, ƙishin da ya kama su ya kama shi, 'yan fashin da suka tare su sun tare shi. A zangon Salaga ko Kumasi, ko a Sabon Ibadan, fatoma ne ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya nema masa mai saye, ya tsaya masa lamuni. In aka cinye wa baƙo dukiya a ƙarƙashin rufinsa, sunansa ya ɓaci ke nan daga Kano har Gwanja. La'adarsa halal ce, domin a wuyansa hatsarin yake. Kai kuwa ka duba wannan tsohon tsari ka ga yana da nauyi, sai ka ɗauki la'adar ka ajiye lamunin. Daga ranar da jirgi ya ɗaga a filin Malam Aminu Kano, aikinka ya ƙare. In uwar yarinya ta kira, waya a kashe. In ta zo ofis, Alhaji ya yi tafiya. Wannan shi ne ci gaba.

Lissafinka kuwa ya isa a koyar da shi a jami'a. Talakan ɗan kasuwa sau ɗaya yake cin riba a kan haja. Kai kana ci sau uku a kan mutum ɗaya. Da fari a kawo kafin alƙalami: a sayar da saniya ranar Lahadi, a sayar da kayan ɗaki, a kwashi adashi, in bai kai ba a jinginar da gona. Na biyu, ofishin da ke can ƙetare ya ba ka naka kason a kan kowane kai da ka aika. Na uku, albashin watannin farko naka ne, wai cikon kuɗin jirgi da biza, bashin da ba wanda ya san iyakarsa sai kai. In aka yi sa'a wa'adin jingina ya cika ba a fanshi gona ba, sai a wayi gari ta zama ta wani yaronka, riba ta huɗu ke nan. Duk wannan ba takarda, ba shaida, sai amana da rantsuwa. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya sharɗanta a san lada a san wa'adi kafin a ɗauki mutum aiki, kuma malamai sun hana cinikin da aka lulluɓe wa ɗayan ɓangare ido. Amma waɗannan sharuɗɗa suna wahalar da harka, kai kuma mutum ne mai son sauƙaƙa wa jama'a.

Ga ka da tsoron Allah, shi ya sa ka fi son bizar umara. Wa zai hana 'yarsa ziyarar Ɗakin Allah? Ba ka gaya mata cewa wannan biza ba ta aiki ba ce, kuma ranar da ta ƙare ta zama mai laifi a idon hukuma, sai zaman ɓuya a Shara Mansur ko lungunan Jidda, gabanta na faɗuwa duk lokacin da ta hangi askar, wato ɗan sanda. Wadda ka ɗaukaka kuma ka nema mata bizar aikatau, sai ta faɗa hannun kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ta aiki. Izinin zamanta a ɗaure yake da sunansa. Sau da yawa fasfo ɗinta yana hannunsa, ko da yake dokar ƙasar ta hana. In ta gudu daga duka ko yunwa ko abin da ba ya faɗuwa, shi zai riga ta kai ƙara cewa ta tsere, sai mai neman ceto ta koma wadda ake nema. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wannan tsari ga ma'aikata da dama, amma ba a sa masu aikin gida a ciki ba, wato daidai hajar da ka fi fitarwa. An soke bauta a Arewa a 1936, Saudiyya ta soke ta a 1962. Kai ne ka tabbatar wa duniya cewa ba sai da mari da sarƙa ba, bashi da fasfo sun wadatar.

To, sai batun aiki tuƙuru, wanda a kansa ka gina sunanka. Wannan baiwar Allah tana tashi kafin asuba, ta share bene hawa uku, ta yi wanki da guga, ta yi girki, ta goya yara, ta ɗaga tsohuwa ta kai ta banɗaki. Dare ya raba tana wanke-wanken baƙi. Ƙarshen mako a ara ta ga gidan 'yar'uwar uwar ɗakinta, kyauta. Ba ta da ranar hutu, wani gidan ma ba ta da waya. Idan da gumi shi kaɗai ke kawo arziki, da ita ce mai benen, da kai ne mai neman biza a wurinta. Amma ka san sirrin da ba ta sani ba: aiki yana arzuta wanda ke riƙe da takarda ne, ba wanda ke riƙe da tsintsiya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma shaida ce ta tawali'unka cewa wannan babbar ƙofar arziki da kake buɗe wa 'ya'yan mutane ba ka taɓa tura 'yarka ta bi ta ciki ba. Naka suna jami'a, ka haƙura ka bar wa talakawa alherin.

Ba kai ka fara ba, ranka ya daɗe, kana da magabata na gari. Kakanninmu sun tafi Makka da ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan, tafiyar shekaru, suna ƙwadago a hanya don guziri. Wasu sun bi ayarin da ya tsira daga yaƙin Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, Takari ne suka zama ƙashin bayan tsinkar auduga. Babu wanda ya taɓa kiran su malalata. Audugar ta tafi masaƙun Ingila, ribar ta tafi ga kamfani da gwamnati da masu riƙe da filaye, akasarin namu suka tsaya a matsayin 'yan ƙwadago, jikokin wasunsu har yau ana yi musu kallon baƙi a ƙasar da aka haife su. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, mutanen da suka shekara talatin suna tara na kansu suka karyar da shago da gida a kan kuɗin mota. A 1983 mu ma muka yi wa 'yan Gana da sauran maƙwabta irin wannan kora. Duk mai hankali zai fahimci cewa baƙon da ba shi da takarda da 'yanci, abin da ya tara ba nasa ba ne, ajiya ce yake yi wa ranar kora. Ka yi dabara da ba ka karanta wa kowa wannan tarihi.

Idan abin ya ɓaci kuma, nan ne iliminka na tauhidi yake fitowa. An kama wadda ka aika, ta yi watanni a tarhil na Shumaisi, gidan tsare waɗanda za a kora, tana jiran jirgi. A ƙarshen Janairun 2021 kaɗai 'yan Najeriya kimanin 800 aka kwaso daga Saudiyya cikin kwana biyu. Ta sauko da leda ɗaya, gona ta tafi, saniya ta tafi, 'ya'ya sun girma ba su san ta ba, wata ma hankalinta bai dawo tare da ita ba. Sai ka girgiza kai ka ce ƙaddara ce, kowa da rabonsa, ko kuma ita ce ba ta da haƙuri. Masha Allah da wannan rabo na adalci: in an samu, wayonka ne; in an rasa, ƙaddararta ce.

Ba na musun cewa akwai waɗanda suka dace. Akwai wadda ta gina wa uwarta ɗaki da kwano, ta biya wa ƙanenta makaranta, ta aurar da 'ya. Ita ce allon tallarka, ita kake nunawa a kowane gidan biki. Amma ba ta fi waɗanda suka dawo da leda ƙoƙari ba, Allah ne ya haɗa ta da mutanen kirki, ko tana da dangi a can da suka tsaya mata. Ga likitoci da ma'aikatan jinya daga Kano suna aiki a asibitocin ita wannan Saudiyyar, suna aiko da kuɗi lafiya lau. Ba su fi mai aikatau tashi da wuri ba. Abin da suka fi ta shi ne sana'ar da ake nema, da yarjejeniya a rubuce, da fasfo a aljihu, da inda za su kai kuka a saurare su. Ka mai da rayuwar 'yar mutane caca, kai ne mai gidan cacar, kuma mai gida ba ya faɗuwa.

Kada a manta da ƙannenka na reshen arewa. Wannan kwaltar da ta ratsa Ɗanbatta ta wuce Kazaure da Daura, ta tsallaka Kongolam ta bi Matamaye zuwa Damagaram, daga nan sai Agadas da sahara. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Akasarinsu mutanen yankin Kance ne, Hausawa 'yan'uwanmu da muke haɗa kasuwa da aure. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. A Nuwamban 2017 duniya ta ga hoton da ake gwanjon samarin Afirka a Libiya a kan dala 400. A duk waɗannan, masu hanya ba su yi asarar ko sisi ba, domin sun riƙe ƙa'idar gidanku: a karɓi kuɗi kafin a tashi.

Kuma kada wani ya raina ka ya ce ƙaramin ɗan kasuwa ne. Kai ɗan babbar ƙungiya ne. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a 2021, kuma a rahotonta na 2024 ta ce haramtacciyar ribar da ake tatsa daga irin wannan aiki ta kai dala biliyan 236 a shekara. Tun 1997 wannan hukuma ta tsara yarjejeniyar da ke cewa ba ma'aikaci ne zai biya ejan ba, mai neman ma'aikacin ne zai biya. Kai ka ga bai kamata a yi wa kowa wariya ba, sai kana karɓa daga duka biyun. Har ɗan abin da ya tsira mai aikatau ta aiko gida, sai masu aika kuɗi sun yanki nasu, domin aikowa Afirka kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin 100. Gwamnati na alfahari da kusan dala biliyan 20 da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa a shekara, amma ba ta cika tambayar wane gumi ne a ciki, ko wane hawaye ba.

Ba zan yi rowar yabo ba, mu ma mun cancanci namu kason. Mu ne muke matsa maka a sahun gaba. Mu ne muke karɓar shinkafar azumi ba mu tambayi daga ina ta fito ba. Mu ne muke sa sunanka a jikin masallacin da aka gina da albashin wadda ba a bar ta ta yi sallarta cikin natsuwa ba. Jinjina ga uban da ya saki mace da 'ya'ya huɗu bai aiko da ko kwanon gero ba. Jinjina ga mai wa'azin da ya shekara yana faɗa a kan tsawon hijabi bai taɓa yin huɗuba guda a kan haƙƙin ma'aikaci ba. Jinjina ga jami'in da ya ga 'yan mata ashirin da ba su san sunan garin da za su ba, ya buga hatimi ya kau da kai.

Saboda haka ina roƙon jama'ar Ɗanbatta su kiyaye duk abin da zai karya wa Alhaji kasuwa. Kada a nemi takardar yarjejeniya da aka fassara da Hausa, mai ɗauke da albashi da wa'adi da sunan gidan da za a je. Kada a tambayi ko yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Kada mai unguwa ko dagaci ya tambayi dalilin da ya sa ake jinginar da gonar marayu. Kada a kai ƙara NAPTIP, wadda aka kafa tun 2003 don irin wannan, ko a sanar da Hisba. Kada a bar waɗanda suka dawo su ba da labarinsu a makarantun Islamiyya, a ci gaba da rufe su da kunya. Kada alƙalai su tilasta wa iyaye maza ciyar da 'ya'yansu bayan saki. Kada masu hali su tara zakkarsu ta zama jarin da zai tsayar da bazawara da ƙafarta. Uwa uba, kada a gyara hanyoyin ruwan Tomas har noman rani ya wadaci matasa, domin ranar da mutum ya samu abin yi a gida, ranar zai fara yi wa ejan tambayoyi.

Mutanenmu ba su taɓa ƙyamar riba ba, mu jikokin fatake ne. Ribar da muka gada ita ce wadda mai saye da mai sayarwa suka san abin da suka ƙulla, kowa ya tashi yana iya kallon idon ɗan'uwansa gobe. Taka ta wuce wannan ƙaramin matsayi, domin ba ta yiwuwa sai ɗayan bai sani ba, kuma ba ya iya tafiya. Babu abin da za mu iya biyanka da shi a nan duniya, Alhaji. Fatanmu Allah ya tara ka da kowace mace da kowane saurayi da ka aika, ɗaya bayan ɗaya, a ranar da babu waya a kashe, babu Alhaji ya yi tafiya, ya biya ka ladan aikinka cif, ba ragi, ba la'ada.